Kwana Arba'in Kafin Ista: Yadda Ake Riƙe Azumi, Addu'a da Karatun Littafi

Azumin kwana arba'in da Kiristoci ke yi kafin Ista, wanda a coci ake ce wa Lent, yakan same mu ne tsakanin ƙarshen hunturu da tsakiyar bazara. Yana farawa ranar Larabar Toka, wadda kan faɗo tsakanin 4 ga Fabrairu da 10 ga Maris, ya ƙare daren Asabar, jajibirin Ista. Wanda ya ɗauko kalanda ya ƙirga zai samu kwana 46. Lahadi shida da ke ciki ne ba a lissafawa, domin Lahadi ranar tashin Yesu ce daga matattu, ikilisiya kuwa tun da can ba ta azumi a ranar murna. Ita kanta Ista wata take bi, shi ya sa take yawo: Lahadin farko ce bayan wata ya cika daga 21 ga Maris. A 2025 an shafa toka ranar 5 ga Maris, a 2026 kuma 18 ga Fabrairu.

Adadin arba'in daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko shi. Musa ya yi kwana arba'in a Dutsen Sinai ba ci ba sha, Iliya ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, Yesu kuma ya yi arba'in a jeji bayan baftismarsa, inda Iblis ya gwada shi. Zuwa ƙarni na huɗu al'adar ta riga ta zauna a ikilisiya. A wancan zamani lokaci ne na shirya waɗanda za a yi wa baftisma a daren Ista, da na dawo da waɗanda suka faɗi cikin babban zunubi, sauran jama'a kuma su taya su azumi. A ƙasarmu 'yan Katolika da Angilika da Lutaran da Metodis ne suka fi riƙe shi bisa tsari. Ikilisiyoyi irin su ECWA da Baptis ba su ɗora shi a matsayin doka ba, suna da nasu lokutan azumi. Romawa sura 14 ta hana mu raina juna a kan ranaku da abinci, don haka wanda ya ga amfani a cikin jagorar nan ya ɗauka, ko wace coci yake zuwa.

Abin da nake so ka riƙe tun farko, ɗan'uwa, shi ne duk abincin da ka bari yana sakar maka abu biyu, lokaci da kuɗi. Idan ba ka yanke tun kafin azumin ya kama inda za ka kai su ba, waya za ta cinye lokacin, kuɗin kuma ya salwanta a cefanen buɗa-baki. Yadda manomi ke sharar gona a wannan bazarar ne: idan ya share ya ƙone bai shuka ba, ciyawa ce za ta gaje filin. Lokacin na Littafi ne da addu'a, kuɗin kuma na mabukaci. A Matiyu sura 6 ma haka Yesu ya jera su, sadaka da addu'a da azumi, a zama ɗaya.

Kafin Laraba

Ka zauna ranar Lahadi ko Litinin da takarda, ka rubuta amsar tambaya huɗu: wane abinci zan bari kuma a waɗanne ranaku, ƙarfe nawa zan buɗe Littafi, wa zai ci abin da na rage, da wa nake da rikicin da ya kamata a kashe kafin Ista. Amsar ta zama takamaimiya. "Zan ƙara addu'a" ba alkawari ba ne da za ka iya auna kanka da shi. "Ƙarfe biyar da rabi na asuba, minti ashirin, a zaure" shi ne alkawari. Idan kana da iyali, ku yi shawarar tare, domin uwargida ce za ta sauya lokacin girki, bai kyautu ta ji labari ranar Laraba da safe ba.

Tokar da ake shafawa a goshi daga ganyen dabinon bara ake samunta, wanda aka ɗaga ranar Lahadin Dabino, aka adana, aka ƙone. Mai shafawa yakan tuna maka cewa daga ƙasa aka yi ka, can kuma za ka koma, ko ya kira ka ga tuba. Wasu kan damu: ranar nan ake karanta gargaɗin Yesu cewa mai azumi ya wanke fuska kada ya nuna wa mutane, ga shi kuma an fito da alama a goshi. A ganina damuwar tana da kyau, kuma maganinta yana zuciyar mai tokar. Idan ka ji kana son a gan ka da ita a kasuwa, goge ta. Idan kunyarta kake ji a gaban abokan aiki, bar ta.

Gwargwadon azumin

Dokar Katolika ba ta da nauyi kamar yadda wasu ke zato. Ranaku biyu ne na azumin dole, Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, wato Juma'ar ƙarshe kafin Ista, ga wanda ya cika shekara 18 bai shiga 60 ba. A ranar ana cin cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu wanda idan an haɗa bai kai cikakken ci ba. Barin nama kuwa ya hau kan wanda ya cika 14, a ranakun nan biyu da kowace Juma'a ta lokacin. Kaza nama ce. Kifi da ƙwai ba sa ciki. Ruwa ba ya karya wannan azumi. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, ba a hana kowa ƙarawa ba. A sauran coci-coci an fi sabawa da kamewa daga asuba zuwa ƙarfe 12, ko 3, ko 6 na yamma.

Wanda bai saba ba ya fara da Laraba da Juma'a, ranakun da Kiristocin farko suka riƙa azumi a kowane mako: Laraba don tunawa da cin amanar Yesu, Juma'a don gicciye shi. Ya bar karin kumallo da na rana har ƙarfe uku, sa'ar da Linjila ta ce ya mutu. Idan mako biyu suka wuce jiki ya ɗauka, ya ƙara kwanaki ko ya ja zuwa shida. Gara ƙaramin azumi da ya kai Ista da babban da ya mutu a mako na biyu.

Maganar nama tana bukatar gaskiya. A gidaje da yawa a nan sai a yi mako ba a ga tsoka a miya ba, to barin abin da dama babu shi ba wani kamewa ba ne. A wani gidan kuma a bar naman miya a sayo kifin da ya fi shi tsada. An cika doka, an bar manufarta. Kowa ya nemi abin da zai ji rashinsa da gaske: sukari a shayi, lemon kwalba, tsiren dare, giya ko burukutu ga mai sha, kallon ƙwallo, ko sa'o'in da Facebook da TikTok ke ci. Wanda talauci ya riga ya sa shi ci sau ɗaya a rana kada ya ɗora wa kansa yunwa a kan yunwa. Nasa azumin ya koma kan harshe da fushi da gulma, ya kuma ba da lokacinsa.

Sai zafi. A watan Maris da Afrilu rana a Yola ko Maiduguri ko Sakkwato kan haura digiri 40, kuma mai aikin ƙarfi, birkila ne ko ɗan acaɓa ko mai faskare, yana zubar da ruwan jiki da yawa. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: ka sha ruwa. Azumin Kirista bai ginu a kan ƙishirwa ba. Mun girma tare da maƙwabta Musulmi, muna ganin yadda suke kame baki daga ci da sha tun ketowar alfijir har faɗuwar rana, a 2025 ma azumin biyu sun haɗu a watan Maris. Juriyarsu abin girmamawa ce, amma kowane azumi da ƙa'idarsa, kuma babu gasa a ciki. Mai ciwon sukari, mai gyambon ciki, mai shan maganin da sai da abinci, mai juna biyu, mai shayarwa, tsoho da yaro, duk an ɗauke musu. Mai ciwo ya tambayi likita kafin ya taɓa lokacin cin abincinsa. Ke mai goyo, ki ci ki ƙoshi. Nonon da kike ba jariri ba ya rage miki komai a gaban Allah.

In lokacin buɗa-baki ya yi, a fara da ruwa, sai kunu ko koko mai ɗumi, ko 'yar kankana, a dakata kaɗan kafin tuwo. Gwate, faten wake, alale, tuwo da miyar kuka, duk sun wadatar. Ma'aunin da za ka gane ko kana kan hanya shi ne kuɗin cefane: idan na wannan wata ya fi na watan jiya, wani abu ya karkace.

Sura ɗaya kowace rana

Ga tsarin karatun da na fi ba mutane shawara, don saukinsa da yadda yake dacewa da kwanakin. Linjilar Markus sura 16 ce, ta Luka 24. In ka haɗa, 40 cif. Ka fara Markus sura 1 ranar Larabar Toka, sura ɗaya kullum, ka tsallake Lahadi tun da akwai karatun coci. Za ka gama Markus ranar Asabar ta uku daga farawa, ka shiga Luka ranar Litinin. In ba ka yi fashi ba, Luka 22, labarin Jibin Ubangiji da Getsamani, zai faɗo ranar Alhamis ta Mako Mai Tsarki, makon ƙarshe kafin Ista. Luka 23, shari'a da gicciye, ranar Juma'a Mai Kyau. Luka 24 kuma ranar Asabar, sai ka ajiye ta har dare ko asubar Ista. Ka ga ka bi Yesu daga Kogin Urdun zuwa kabari sau biyu, da farko da saurin Markus, sa'an nan a natse tare da Luka, wanda shi kaɗai ya kawo labarin Basamariye mai tausayi, da ɗa mubazzari, da Zakka, da ɓarawon da ya tuba a kan gicciye.

Yadda ake karatun ya fi yawansa muhimmanci. Sufayen Kirista na da sun bar mana hanya mai hawa huɗu: karatu, tunani, addu'a, shiru. A aikace ga yadda take. Ka karanta surar gaba ɗaya da murya, ko da ƙasa-ƙasa ne, domin kunne kan kama abin da ido ya tsallake. Ka sake komawa a hankali, har ka iso inda wata aya ta tsayar da kai, ko don ta yi maka daɗi ko don ta soke ka. Nan za ka zauna. Ka tambayi kanka: me wannan ya nuna mini game da Yesu? A cikin mutanen labarin, wane ne ni yau? Wannan tambaya ta biyu tana son gaskiya, don kowa yakan so ya zama makahon da aka warkar, ba mai son ya zama Bafarisiyen da ya yi gunaguni. Sa'an nan, me zan yi kafin rana ta faɗi saboda abin da na karanta? Amsar ta zama ƙarama, mai yiwuwa: in kira wane, in mayar da kuɗin wance, in yi shiru in an tsokane ni a wurin aiki. Ka mai da ayar addu'a da kalmominka, sa'an nan ka yi shiru na minti biyu ko uku ba ka roƙon komai. Shirun nan ne ya fi wuya, kuma shi mutane suka fi yankewa. Kada ka yanke shi.

Ka ajiye ƙaramin littafin rubutu, layi ɗaya ko biyu kullum: ayar da ta tsayar da kai da abin da ka ƙudurta. Ranar Asabar ka duba na mako. In ka ga abu ɗaya yana ta dawowa, fushi ne ko tsoro ko wani mutum da ka kasa yafe wa, to ka san inda ake aiki a zuciyarka.

Ka karanta da harshen da kake tunani da shi. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya da Wusasa ya yi ruwa ya yi tsaki a ciki tare da abokan aikinsa, aka kuma fito da sabon juyi a 1979. Yau yana cikin waya a manhajoji irin su YouVersion, akwai kuma na sauraro. Tsohuwar da ido ya raunana, ko wanda bai yi makaranta ba, a kunna masa, ko jika ya karanta masa. In da waya kake karatu, rufe data tukuna, in ba haka ba saƙon WhatsApp zai riga Markus shiga.

A gida, bayan abincin dare, a ɗauki guntun surar ranar, aya goma ta isa. Yaro ya karanta, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya ji, har ƙaramin cikinsu. Maigida ya daure kada ya mai da zaman wa'azi. Yara sun fi riƙe abin da suka faɗa da bakinsu. A rufe da waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi da Addu'ar Ubangiji.

Sa'ar yunwa

Yunwa takan taso a lokacin da ciki ya saba karɓa, wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu. Wannan ita ce ƙararrawar addu'arka ta rana. Maimakon ka kwanta ka jira lokaci ya wuce, ka nemi inuwa ka buɗe Zabura. Akwai guda bakwai da ikilisiya ta daɗe tana kira zaburar tuba: 6, 32, 38, 51, 102, 130 da 143. Ɗaya kowace rana, mako ya zagayo. Ta 51 ita ce addu'ar Dawuda bayan annabi Natan ya fuskance shi a kan matar Uriya, kuma duk wanda ya rasa abin faɗa a gaban Allah zai samu baki a cikinta. Bayan zaburar ka ambaci mutane da sunansu. Ka sa wanda ba ka shiri da shi a cikin jerin, ko da bakinka zai yi nauyi a kwanakin farko.

Da dare kafin barci, minti biyar: ka bi ranar daga safe, ka gode a kan abin da ya yi kyau, ka ambaci laifinka da sunansa ba tare da kewaye-kewaye ba, ka roƙi gafara. Ɗan Katolika ya je wurin Fada ya furta zunubansa tun a tsakiyar lokacin, kada ya bari sai Mako Mai Tsarki da layi ke tsawo. Ranar Juma'a da yamma akwai Hanyar Gicciye mai tasha 14. In aiki ya bari, a je.

Ishaya sura 58 ya kamata a karanta ta a makon farko, a sake a tsakiya. A can mutane suka yi ƙorafi cewa sun yi azumi Allah bai kula ba, aka amsa musu cewa a ranar azumin nasu suke danne ma'aikatansu suna faɗa da juna, kuma azumin da ake so shi ne a kwance wa wanda aka zalunta ɗauri, a ci da mayunwaci, a tufatar da matsiraici. Wanda yake riƙe da albashin 'yar aikinsa, ko kuɗin leburan da ya yi masa gini, ya biya kafin ya kame baki. Wannan ba ƙari ba ne a kan azumin, cikinsa yake.

Hanyar rabon mai sauƙi ce. Duk ranar da aka tsallake abinci, a ɗebi tsabar da da za a dafa, masara ce ko shinkafa ko wake, a zuba a wani buhu daban; mai sayen abinci a waje ya jefa kuɗin a gwangwani. Kada a jira Ista, a riƙa kaiwa duk mako, don bazara ce, rumbuna sun fara ƙasa. Gwauruwa a unguwa, marayu, 'yan gudun hijira, majinyacin da ba mai kawo masa abinci a asibiti, ɗan kurkuku. Ba a tambayar addinin mayunwaci. A kai a ɓoye, yadda mai karɓa ba zai ji kunya ba, kuma ba hoto. 'Yan Zumuntar Mata ta coci sun fi kowa sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. In ba ka san wa za ka ba, tambaye su.

Wajen mako na uku zafin farawa yakan huce. Za a yi ranar da ka makara, ko ka ci abin da ka ce ka bari, ko kwana uku su wuce ba ka buɗe Littafi ba. Kada ka ce tun da ya ɓaci shi ke nan, kada kuma ka ce sai ka rama sura huɗu a zama ɗaya. Ka buɗe surar ranar da kake ciki ka ci gaba, waɗanda suka wuce ka karanta su ranar Lahadi da yamma. Yana taimakawa ƙwarai a samu aboki ɗaya da kuke bin tsarin tare, kuna tambayar juna sau ɗaya a mako.

Mako Mai Tsarki yana farawa da Lahadin Dabino. Daga nan a rage duk abin da za a iya ragewa, tafiye-tafiye da biki da hira, a ba coci lokaci. Alhamis da yamma ana tuna Jibin Ubangiji, a wasu coci-coci da wanke ƙafa kamar yadda Yohanna 13 ta ba da labari. Sulhun da ka rubuta a takardarka tun kafin Laraba, in har yanzu ba ka je ba, ka je kafin wannan jibi. Juma'a azumi ne ga duk mai iko, da sujada daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku ko da ƙarfe ukun kanta. Asabar ba a cika yin komai ba sai dare, lokacin da ake hura wuta a kunna kyandir a yi baftisma.

Da Ista azumi ya ƙare, a ci a sha a kai wa maƙwabta. Cikin da ya yi makonni yana samun kaɗan ba ya son a danƙara masa nama da mai a zama ɗaya, a bi shi sannu. Kwana 50 daga Ista zuwa Fentikos lokacin murna ne, ba a azumi a ciki, amma sa'ar asubar nan da ka saba kada ka sake ta. Luka da ka gama shi ne ya rubuta Ayyukan Manzanni, sura 28, kuma daga inda Linjilarsa ta tsaya ya ɗora. Ranar Litinin ta Ista sai ka buɗe sura ta farko.